Maigidana Ya Hana Ni Karatun Littattafai Saboda Shafi Guda

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, ina zaune a Zariya da maigidana da 'ya'yanmu uku. Tun ina sakandare nake son littattafan Hausa, har kuɗin tarata nake adanawa in kai shagon haya in karɓo littafi. Bayan na yi aure sai karatun ya koma waya. Ina cikin zaurukan WhatsApp guda huɗu inda marubuta ke sakin labari kullum shafi-shafi, mu kuma mu yi ta sharhi, kowacce ta faɗi abin da take karantawa da wanda ya fi burge ta. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana fita da sassafe ba ya dawowa sai bayan isha'i, ni kuma ba 'yar garin ba ce, dangina suna nesa, don haka matan nan su ne abokan hirata.

Wata biyu da suka wuce ya ɗauki wayata zai yi kira, sai ya ci karo da shafin wani littafi da aka turo, kuma gaskiya akwai batsa a ciki. Ba zan ɓoye miki ba, na karanta shafin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce ashe abin da ke hana ni barci ke nan. Ya fitar da ni daga zaurukan duka, ya ce idan ya sake ganin ina karanta kowane irin littafin labari, a waya ko a takarda, zai kai maganar gaban mahaifina. Na yarda akwai daren da nake kai ƙarfe biyu ina karatu, kuma ya sha yi mini magana a kai. Amma wallahi yawancin abin da nake karantawa ba irin wannan ba ne, labarai ne na zaman aure da tarbiyya da halin rayuwa, kuma na ƙaru da su.

Yanzu a ɓoye nake karatu. Da ya fita sai in shiga manhajar karatun labarai ta Wattpad, wata ƙawata kuma tana turo mini ci gaban labarin da muke bi, kafin ya dawo in goge komai. Hankalina ba a kwance yake ba, ko sallama ya yi sai gabana ya faɗi. Ina jin na yi laifi, kuma ina jin an zalunce ni. Ƙawayena sun ce in sa wa wayar lambar sirri in ci gaba da abina, yayata kuma ta ce in haƙura da karatun gaba ɗaya tunda aure ya fi littafi. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata 'yar uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda ba ki yi ƙoƙarin wanke kanki ba. Kin faɗi shafin da ya gani, kin faɗi cewa kin karanta shi, kin kuma faɗi dararen da kike kaiwa ƙarfe biyu, alhali da kin so sai ki ɓoye duk wannan ki bar ni da hoton miji mai tsanani da mace mai haƙuri. Wannan gaskiyar da kika iya faɗa mini ita nake so ki ɗauka ki tunkari maigidanki da ita, domin ban ga wata hanyar da za ki dawo da karatunki kuma ki riƙe kwanciyar hankalin gidanki ba face ta fili.

Ki ɗan tsaya a inda yake tsaye ki duba. Mutum ne da ya wuni a kasuwa, ya dawo a gajiye, ya ci abinci ya kwanta, can tsakar dare ya farka ya ga hasken waya a fuskarki, kin juya masa baya, kina murmushi ke kaɗai, wani lokacin har da share hawaye. Ya yi magana kin ce masa yanzu za ki ajiye, ya sake farkawa ya tarar hasken yana nan. Tsawon wannan lokaci bai san abin da ke cikin wayar ba, tambayar dai tana cin sa a rai. Ranar farko da ya leƙa kuwa, abin da idonsa ya faɗa a kai shi ne wancan shafin. A wurinki shafi ɗaya ne cikin dubban da kika karanta. A wurinsa shi ne amsar tambayar da ya daɗe yana yi wa kansa, kuma ba shi da wani shafin da zai gwada shi da shi, tunda ba ki taɓa nuna masa ko guda ba. Akwai kuma abin da namiji ba kasafai yake iya furtawa ba: jaruman irin waɗannan labarai galibi attajirai ne, kyawawa, masu lokacin zama su yi ta zuba kalaman soyayya, shi kuwa ga shi da ƙurar kasuwa da lissafin kuɗin makarantar yara. Ba mamaki zuciyarsa ta raya masa cewa da su kike auna shi. Ki ƙara da fargabar ko akwai maza a cikin zaurukan, da fargabar ranar da ɗaya daga cikin yaranku zai ɗauki wayar ya yi wasa ya buɗo abin da uban ya buɗo. Idan kika haɗa waɗannan, za ki ga fushinsa yana da tushe, ko da hukuncin da ya yanke ya wuce gona da iri.

Shi shafin kansa ba zan sassauta miki a kansa ba, tunda ke ma ba ki sassauta wa kanki ba. Addini bai yarda da shi ba, kuma irin rubutun da mace ba za ta iya karanta shi gaban 'yarta ba ne. Sai dai yana da kyau ki fahimci yadda yake shigowa wayar mutanen kirki, don ki san ƙofar da za ki toshe. A da, kafin littafi ya kai shagon haya, sai ya bi ta hannun mai buga shi da mai sayar da shi, sunan marubucin yana bango, kuma a Kano tun 2001 akwai hukumar tace finafinai da ɗab'i. Yanzu marubuciya daga ɗakinta take rubuta shafi ta tura zaure a daren, babu edita, sau da yawa ma da sunan aro. Takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya ɗauki zafi sai ta sanar cewa daga nan sai wadda ta biya. Wannan tsari ya buɗe wa mata da yawa masu basira hanyar rubutu da samun abin hannu, ban raina shi ba ko kaɗan. Amma shi ne kuma ya sa wasu suka gano cewa shafin da ya fi jawo masu biya shi ne wanda ya fi rashin kunya, kuma kowane shafi dole ya tsaya a inda mai karatu ba za ta iya barci ba sai ta ga na gaba. Wato batsar da ta ɓata masa rai da ƙarfe biyun daren da ya sha yi miki magana a kai, daga tsari ɗaya suka fito. Ba raunin halinki kaɗai ba ne, an gina abin ne don ya riƙe ki.

Inda maigidanki ya zarce shi ne da ya haɗa kowane littafi ya yi masa hukunci ɗaya, ya fitar da ke daga zaurukan ba tare da ya saurare ki ba, sannan ya rataya miki barazanar kai ƙara wurin mahaifinki. Wannan gardama ta girme ku duka. Tun da littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka yawaita a shekarun 1980 ake zarginsu da ɓata tarbiyyar 'yan mata. A shekarun 1990 malaman jami'a sun yi ta muhawara a jaridu a kansu, Ibrahim Malumfashi yana cikin masu suka, Abdalla Uba Adamu yana cikin masu cewa sun sa jama'a, musamman mata, sun rungumi karatu. A 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano. Duk da haka, daga cikin wannan adabin ne aka sami littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, kuma a yau ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kan littattafan da iyayensu suka karanta a ɓoye. Ban kawo wannan don ki je ki yi masa lacca ba. Na kawo shi ne don ki daina kallon son karatunki a matsayin wata cuta da ya kamata ki ji kunyarta. A cikin littattafan akwai gurɓatattu, akwai na ɓata lokaci, akwai kuma masu daraja, kuma aikin mai karatu ne ta tantance.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, wato karatun ɓoye da goge-gogen da kike yi. Ƙanwata, wannan ya fi shafin farko haɗari nesa ba kusa ba. A yau saɓaninku a kan abin da kike karantawa ne, kuma wannan magana ce da ake iya zama a daidaita. Ranar da ya dawo da wuri ya same ki, ko ya lura kullum wayar a share take tas kamar sabuwa, maganar ta tashi daga littafi ta koma kan amana, kuma mijin da ya ga matarsa tana goge saƙonni kafin ya shigo ba littafi zai fara kawowa a ransa ba. Za ki tsinci kanki kina rantsuwa a kan abin da ba ki aikata ba, shi kuma yana da hujjar ƙin yarda, tunda ya riga ya kama ki da ɓoyo sau ɗaya. Shawarar lambar sirri da ƙawayenki suka ba ki wannan ramin take ƙara zurfafawa. Ban ce suna nufinki da sharri ba, kewarki suke yi a zaure, amma idan abin ya fashe ba ɗayarsu da za ta tsaya gaban mahaifinki tare da ke. Ita kuwa yayarki ta yi gaskiya da ta ce aure ya fi littafi, sai dai maganin da ta bayar ba zai ɗore ba. Wadda ta fara tara kuɗin tara don haya tun tana yarinya ba za ta wayi gari ta daina son labari ba. Za ki daure wata ɗaya ko biyu, ki riƙa jin haushinsa a ranki, daga baya ki koma ɓoyon da kike ciki yanzu.

Don haka abin da za ki fara yi, tun kafin ki ce masa komai, shi ne ki tsayar da karatun ɓoyen yau ɗin nan. Ki gaya wa ƙawar taki ta daina turo miki ci gaba, ki cire manhajar daga wayar. Na san zafin barin labari a tsakiya, musamman idan an kai inda asirin muguwar uwar miji ke gab da tonuwa, amma labarin ba zai gudu ba, marubuciyar za ta kammala shi ko kina nan ko ba kya nan. Ki ba kanki kamar mako biyu ko uku a haka. Amfanin wannan tazara biyu ne: za ki je masa da hannu mai tsabta, kuma shi da kansa zai ga canji a darenku kafin ki buɗe baki, wanda ya fi kowane alkawari ƙarfi.

Sannan ki nemi lokacin magana. Kada ki tare shi da ita yana shigowa, kuma kada ki yi ta gaban yara. Ki bari sai ranar da bai fita kasuwa ba ko ya dawo da wuri, ya ci ya huta, ki kira shi da sunan da kika saba kiransa idan kuna cikin daɗi. Ki fara da abin da yake da gaskiya a kai, ki ambace shi da sunansa, kada ki tsaya a kan “ka yi haƙuri” kawai. Kina iya cewa: “Abin da ka gani a wayata ba daidai ba ne, kuma da ni ce na gani a taka raina zai ɓaci. Na kuma san ka sha yi mini magana a kan karatun dare ban ji ba. Ina neman afuwarka a kan waɗannan biyun. Amma ina roƙonka ka saurare ni a kan karatun kansa, domin shi ne abokin zamana idan ka fita.” Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya amayar da abin da ke ransa, ko da ya maimaita abin da kika riga kika ji. Kada ki jawo masa Nana Asma'u da tarihin ilimin mata a wannan zaman. Gaskiya ne, amma zai ji kamar kina kare wancan shafin da sunan bayin Allah, sai ya ƙara ƙeƙashewa. Idan ya huce har ya fara tambaya, akwai misalin da zai gane ba tare da dogon bayani ba, tunda ɗan kasuwa ne: ba a rufe kasuwa don an kama mutum ɗaya yana tauye mudu, rumfarsa ake ƙauracewa.

Za ki tambaye ni ko ki gaya masa kin ci gaba da karatu a bayan idonsa. Ke kika san halin mijinki. Idan mutum ne da fushinsa ke tashi ya sauka, na fi son ki faɗa da bakinki a taƙaice, ki haɗa da cewa kin daina, domin ƙawarki ta sani, kuma abin da mutum biyu suka sani yana iya fita. Idan kuwa mai saurin hannu ne ko mai saurin furta saki, ba a ɗora miki tona abin da Allah ya rufa miki ba bayan kin bar shi. Abin da ban yarda ki yi ba ko ta halin ƙaƙa shi ne ya tambaye ki ki rantse a kan ƙarya.

Kada ki je masa da roƙo zalla, ki je da tsarin da zai iya gani da idonsa. Ki ce daga ƙarfe goma na dare wayar a falo za ta kwana a caji, karatunki kuma da rana ne bayan kin kammala aikin gida. Ki ce ba za ki koma zauruka huɗu ba, ɗaya ya ishe ki, wanda mata ne zalla kuma masu kula da shi suna da dokar hana irin wancan rubutu, shi ma ba yanzu ba sai ya aminta. A farkon nan ma na fi so ki koma takarda. Littafin takarda yana ajiye a kan tebur, bangonsa a fili, duk wanda ya shigo yana iya ɗauka ya buɗe, kuma yana da shafin ƙarshe, ba kamar labarin zaure da ake jan sa wata da watanni muddin masu sharhi suna neman ƙari ba. Kin kuma yi sa'ar gari. Daga Zariyar da kike zaune Baturen nan Rupert East ya shirya gasar rubutun labarai ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma kamfanin NNPC mai buga littattafai yake. Da wuya a ce maigidanki bai taɓa karanta ko jin wani labari daga Magana Jari Ce ba yana yaro. Ki roƙe shi ya sayo miki da kansa, ki ce za ki riƙa karanta wa yara da yamma. Mutumin da ya shigo ya tarar da 'ya'yansa sun kewaye uwarsu suna dariyar labarin da shi ma ya yi wa dariya a firamare, da wuya ya ci gaba da cewa kowane littafin labari ɓarna ne.

Na san ba za ki rayu a kan littattafan shekarun 1930 kaɗai ba, kuma ba sai kin yi haka ba. Masu son karatu a yanzu suna da abin zaɓa da yawa wanda ya wuce attajiri da 'yar talakawa. Tun 2016 sashen Hausa na BBC yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla, kuma labarin da ya fara lashe ta, Sansani, a kan 'yan gudun hijira yake. Irin waɗannan labarai sun bi ta hannun alƙalai, kuma gajeru ne, kina iya gama ɗaya kafin shinkafa ta tsotse, ba abin da zai bi ki har gado. Akwai na magabata mata, kamar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa waɗanda iyayenmu da yayyenmu suka yi ta karɓa hannu da hannu. A intanet ɗin ma akwai marubuta masu kamun kai da ke rubutu a kan shaye-shaye, da garkuwa da mutane, da rikicin gado, da halin da zawarawa ke ciki, kuma masu karatu sun san su. Idan lokacin komawarki waya ya yi, ki riƙe ƙa'ida biyu. Kada ki fara littafin da ba a kammala ba, domin jiran shafin gobe shi ne ƙugiyar. Kuma kafin ki buɗe sabo ki tambayi wadda ta gama shi, wadda kika yarda da tarbiyyarta, ko akwai wurin da za ki ji nauyi idan maigida ya leƙo.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma zan faɗa: idan littafin da ƙawarki ke turo miki na kuɗi ne, haƙƙin marubuciyar yana kanku ku biyun. Kin sha ganin yadda suke rubuta “ban yafe ba” a saman shafi ga duk wadda ta fitar musu da littafi, kuma suna da gaskiya, dare suke rabawa suna rubutu. Ki riƙa biyan abin da za ki karanta, daga kuɗinki na kanki, ba daga na cefane ba, kuma da saninsa. Za ki ga wannan kaɗai ya rage yawan abin da ke shigowa wayarki, domin wadda ke cire kuɗi daga jakarta takan tsaya ta zaɓa.

Akwai kuma maganar da kika ambata a gurguje kamar ba komai ba ce, alhali a ganina ita ce gindin matsalar: ke baƙuwa ce a gari, danginki suna nesa, mijinki ba ya wuni a gida. Ba labari kaɗai kike nema a zaurukan nan ba, mutane kike nema, wadda za ki ce wa “kin ga abin da ta yi kuwa?” ta amsa miki. Da ya fitar da ke daga ciki, bai san ya raba ki da duk abokan hirarki a dare ɗaya ba, kuma ba zai sani ba sai kin gaya masa. Ki faɗa masa wannan a fili, ba da sigar zargi ba. Ki nemi ya bar ki ki shiga Islamiyyar matan aure ta unguwarku idan ba kya zuwa, inda za ki sami ƙawayen da za ki gani ido da ido, kuma ina tabbatar miki ba za ki rasa masu son littafi a cikinsu ba, har ku riƙa musayar na takarda a tsakaninku. Ki nemi a tsara miki zuwa ganin gida a kai a kai gwargwadon hali. Ki kuma nemi rabin awa daga gare shi bayan cin abinci, ku biyu, kowa ya ajiye wayarsa, don ina kyautata zaton shi ma yana da tasa. Idan hira ta yi daɗi wata rana, ki ba shi labarin da kika karanta da rana a taƙaice ki tambaye shi wa yake ganin ya fi gaskiya tsakanin mutanen ciki. Maza da yawa da ke cewa ba ruwansu da labarin mata sukan zage su yanke hukunci idan aka sa su alƙalanci.

Yana iya yiwuwa ki yi duk wannan ya ce shi dai a'a. Kada ki ɗauki amsar zaman farko a matsayin ta ƙarshe, kuma kada ki koma ɓoyo don kin ji haushi. Ki bar maganar ta kwana biyu, ki ci gaba da riƙe abin da kika ce za ki riƙe, sannan ki sake ɗaga ta da abu mafi sauƙi, wato littafin yara a takarda. Idan wata guda ko biyu suka wuce bai motsa ba, ki nemi wanda zai shiga tsakani daga ɓangarensa, wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, kamar yayarsa, ko amininsa mai hankali, ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Na ce daga ɓangarensa ne don kada ya ji kin haɗa masa taron dangi. Game da mahaifinki kuwa, muddin kina rayuwa cikin tsoron kada ya ji, barazanar za ta ci gaba da danne ki. Ki sami mahaifiyarki ko wata gwaggo da kuke shiri ki sanar da ita abin da ya faru a taƙaice, da kuskurenki da gyaran da kika yi, ta yadda ko maganar ta isa gida ba za ta iso a matsayin abin kunyar da aka bankaɗo ba.

Iyaka guda nake so ki sani. Duk abin da na faɗa na faɗe shi ne a kan mijin da ya ji zafi ya yanke hukunci cikin fushi, kuma wasiƙarki irin wannan mijin ta nuna mini. Amma idan abin ya zarce zuwa ƙwace wayar gaba ɗaya, ko hana ki magana da danginki, ko binciken wayarki kullum da zagi da gori, balle duka, to maganar ta bar littafi. Alƙur'ani ya hana bin diddigin juna da mummunan zato a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma aure bai ɗauke wa kowa wannan hani ba. A wannan hali kada ki tsaya neman mai shiga tsakani a asirce, waliyyanki ne ya kamata su ji, kuma daga bakinki.

Su kuma ƙawayen zaure, ki yi musu sallama ta mutunci, ki ce kin ɗan dakata saboda wasu uzurori na gida, ki tsaya a nan. Kada ki ba da labarin abin da ya gudana tsakaninki da maigidanki a wurin da ba ki san fuskar mafi yawan mutanen ciki ba, domin saƙon da aka rubuta a zaure ana iya ɗaukar hotonsa a tura inda ba ki zata ba. Ɗaya ko biyun da kuka shaƙu da gaske ki riƙe lambarsu, ki sanar da shi su wane ne, ku ci gaba da zumunci. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya muku zuri'a.